Ƙyallen Iya a Ƙafar Tsuntsu

Jama'a, abin da zan gaya muku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Zamanin da man fetur ya buɗe ne, gwamnati na ta kwasar mu sukolashif kamar ana kwasar gyaɗa, ni kuma, ɗan masunta daga Nguru, sai aka ce in tafi London in karanci ƙaurar tsuntsaye. Har dariya 'yan gidan hayarmu na unguwar Deptford suke yi mini, wai kowa ya zo likita ko injiniya, ni na ƙetaro teku don in bi tsuntsu.

Aikin namu shi ne mu bi kogin Thames ƙasa da Woolwich in ruwa ya janye, mu kafa raga a cikin taɓo, duk tsuntsun da ya faɗa mu auna shi, mu sa masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, mu sake shi. Malamina, wani dattijon Bature marar yawan magana, doka ɗaya ya kafa mini: duk zare ko tsumman da ya naɗe wa tsuntsu ƙafa, a yanke shi nan take, don kada ya sarƙe.

Ana haka wasiƙar Yaya Ladi ta iso, wai jikin Iya ya tsananta, tana ta kirana. Lokacin kuwa tsuntsaye na tsakar tafiya kudu, in na bar wurin shekara guda ta tafi a banza. Sai na rubuta cewa ina nan tafe da zarar sun gama wucewa. Kaicona, har yau wannan wasiƙa tana ci mini rai.

Wata Talata da hantsi, ana ɗan yayyafi, na ciro wani ƙaramin tsuntsun bakin ruwa daga raga, irin masu dogon bakin nan da muke gani a fadamarmu da sanyi. Ina juya shi sai na ga ƙyallen baƙin saƙi a ƙafarsa ta hagu, ƙulli uku, na ƙarshen da ɗan jela. Haka Iya take yi wa kajinta alama, duk unguwarmu babu mai irin ƙullin nan. Na kai shi hanci, wallahi ƙaurin hayaƙin murhu yake yi.

Na nuna wa malam, na ce daga garinmu ne. Ya girgiza kai, ya ce ba zai yiwu ba, tsuntsun bana ne, bai taɓa ganin Afirka ba, yanzu ne ma zai fara tafiya. Ya miƙo mini almakashi ya ce, “Yanke.”

Kuma na sani sarai, a gidanmu ba a kwance wa kaza ƙyalle sai ranar da za ta bar gidan. Amma hannu ya riga ya saba, ga malam yana kallona. Na yanke. Tsuntsun nan bai ko motsa ba, ya dai zuba mini ido, sai wuyansa ya langaɓe a tafin hannuna. Malam ya ce firgita ce, yakan faru.

Bayan sati uku wasiƙar rasuwa ta zo. Ashe a Talatar nan Iya ta cika, da hantsi.

Da na je gida gaisuwa, Yaya Ladi ta ce mini, “Kai dai bari, ƙanena. Da safiyar ranar Iya ta yagi bakin zanenta tana ta ƙulle-ƙulle. Na ce Iya me kike yi? Ta ce na aika a kira min shi ne, tunda takarda ba ta kawo shi ba.” Ta ɗauko zanen daga adaka. Na fito da ƙyallen daga aljihuna na kara a inda ya yage, ya zauna daram. Yaya ta dube ni ta ce, “A ina ka samo wannan?” Har ta bar duniya ban gaya mata ni na yanke shi ba.

Ban san me na riƙe a hannuna ran nan ba, Allah ne masani. Amma har yanzu in na ga tsuntsayen nan sun sauka a fadama, sai in kama duba ƙafafunsu. Don Allah, duk wanda aka ce masa mahaifiyarsa na kira, ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi. Tsuntsayen da na tsaya dominsu duk shekara sai sun dawo.