Biyu Sau Biyu a Bakin Umma

Akwai wata safiyar Talata a garin Bowie na ƙasar Amurka da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, 'yata ma yanzu ta fi ni tsawo, amma har yau ina ganin safiyar nan kamar ta cikin labule shara-shara.

A lokacin maigidana yana aikin injiniya a Washington, ni kuma na ajiye aiki ina koyar da 'yarmu a gida, tana da shekara shida. Mun haɗa ƙungiya da wasu iyaye mata masu irin wannan ra'ayi, yawancinsu baƙaƙen Amurka, sai wata 'yar Kumasi da muke Hausa da ita. Duk Talata mukan taru a gidan shugabar ƙungiyar. Tsarin karatun tsoho ne na Turawa, wanda ya ce a cika wa ƙaramin yaro kai da hadda tukuna, fahimta ta biyo baya. Ni da na tashi a Kano, wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Yaran sukan rera tarihin duniya a jere suna nuni da hannu. In an zo kan dalar Masar su haɗa yatsu a saman kai, in an zo kan Rumawa su buga ƙafa kamar sojoji. Sukan ɗora siririyar takarda a kan taswira su bi koguna da fensir, su kuma rera kalmomin Latin da babu wanda ya san ma'anarsu a cikinsu.

A shekarar ne Umma, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki, muka kawo ta wurinmu neman magani. Umma malamar firamare ce har ta yi ritaya, ni kaina a hannunta na yi aji biyu. Mace ce mai murya, wadda in tana koyarwa har masu talla a bakin makaranta sukan ji. Ciwon ya tafi da hannunta na dama, ya tafi da maganar. Kalma ɗaya ya bar mata, "To." In ka gaishe ta, to. In ka tambaye ta ina ke ciwo, to. Takan yini a bakin taga tana kallon kurege yana hawa bishiya, 'yata kuwa ta riƙa raɓewa a bayan ƙofa tana leƙenta, don shirun yana ba ta tsoro. Da ma yarinyar tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙara faɗi.

Ranar Talatar nan matar da ke zama da Umma ba ta samu zuwa ba. Na naɗe keken guragu na sa a bayan mota, muka tafi mu uku. Sanyi ya wuce, itatuwan unguwar sun yi fure fari da ruwan hoda, shugabar ta ce yau a waje za a yi karatu. Na tura Umma ƙarƙashin wata bishiya, na gyara mata mayafi, na zauna a kan matakalar ƙofa. An zana gidaje da alli a kan siminti kamar na 'yar gala-gala, kowane gida da lambarsa: biyu, huɗu, shida, har gaba. Yara suka yi layi suna tsalle daga gida zuwa gida, suna ƙirga bibbiyu da Turanci, iyaye na tafa musu.

Na daɗe ban samu isasshen barci ba, ga rana mai ɗumi, ga iska tana kaɗo furanni suna sauka a hankali a kan yaran. Idona ya fara lumshewa. Tafin ya yi nisa, sai na gan ni a ajinmu na Kano, ina zaune a benci, ƙafata ba ta kai ƙasa, ƙurar alli tana yawo a cikin hasken taga. Na ji muryar Umma tana ja mana baki da karin da duk ɗan firamare ya sani.

"Biyu sau ɗaya, biyu. Biyu sau biyu, huɗu."

Na yi murmushi cikin gyangyaɗin, ban so in farka ba. Sai 'yar Kumasin ta dafa gwiwata, ta ce da irin Hausarsu, "'Yar'uwa, buɗe ido. Mama yana magana."

Na buɗe. Umma tana zaune yadda na bar ta, furanni sun zuba a kan mayafinta, hannunta na hagu yana bugun hannun keken daidai da tafin. Bakinta a karkace yake, muryar ta dishe, amma kowace kalma tana fita sarai.

"Biyu sau uku, shida. Biyu sau huɗu, takwas."

Shugabar ta ɗaga hannu, tafi ya tsaya, yara suka juyo. Na kasa tashi, ina tsoron in na motsa abin zai watse. Umma ta ci gaba ita kaɗai har ta zo biyu sau bakwai, nan ta tsaya. Idonta na neman abin da ya ɓace mata. 'Yata tana tsaye da ƙafa ɗaya a cikin gidan alli. Ta dubi lambar da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta dubi kakarta, ta ce a hankali, da Hausa, "Sha huɗu."

"Sha huɗu," in ji Umma.

Yarinyar ta yi tsalle zuwa gida na gaba, Umma ta bi ta da sha shida. Haka suka tafi tare, ɗaya na tsalle ɗaya na rerawa, har gidajen suka ƙare. Sai Umma ta ɗaga yatsa ɗaya, yadda take yi mana a aji, ta ce, "A sake."

Shugabar ta tambaye ni da Turanci me tsohuwa ta ce. Na fassara mata, ta share hawaye ta juya ga yaran ta ce malama ta ba da umarni. Suka koma layi. A safiyar nan yaran Bowie da ba su san inda Kano take ba suka yi ta rera biyu sau biyu huɗu, suna karya harshe suna dariya.

Da aka tashi na durƙusa a gabanta, na riƙe hannunta na ce, "Umma, kin gane ni? Ki kira sunana." Ta dube ni, sannan ta ce, "To." A mota na yi kukana, ina tuƙi ina kallonta ta madubi.

Da na ba mai koya wa Umma magana a asibiti labari, ba ta yi mamaki ba. Ta ce abin da aka haddace da kari yakan tsira ko da sauran magana ta tafi, ta kuma ce mu bi ta wannan ƙofar. Da magariba na fara Fatiha da ƙarfi na tsaya a tsakiya, Umma ta ƙarasa. Daga nan muka riƙa sa wa gaisuwa kari, da neman ruwa, da sunayenmu. 'Yata ta zama abokiyar karatunta, har wata rana na ji Umma ta rera mata "ƙawata". Hira irin ta da ba ta dawo ba har Allah Ya karɓi abinSa bayan ta koma Kano, amma ba ta tafi a cikin shiru ba.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne kada in ƙara ɗaukar mai shiru a matsayin wanda babu kowa a cikinsa. Mutum yana nan, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ce ba a gano ba. Kuma duk abin da za ka sa wa yaro a baki ka zaɓa da kyau, don wata rana yana iya zama shi kaɗai ya rage masa.