Kujerar da Ba a Magana a Kanta

Tun muna da gashi baƙi Baba Sannu-Sannu yake buɗe shagonsa kafin rana ta yi zafi. Ya share gashin jiya da ya maƙale a ƙarƙashin benci, ya goge madubin nan da ya tsage ta gefe, ya wasa aska, sannan ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa ya zauna jiran kai na farko. Mu muka laƙaba masa sunan, don askin da wani zai gama kafin ka yi hamma, shi sai ka yi gyangyaɗi ka farka bai kai ƙeya ba. Makon jiya ya ajiye askar. Hannu ya fara rawa, ya ce ba zai jira ranar da zai yanki wani ba.

Na gaji da rubutu a kan 'yan siyasa, wallahi na gaji. Duk zaɓe alkawari ɗaya, sai dai a sauya hoto a jikin bango. Yau a bar ni in yi maganar mai aski, don a bencinsa yawancinmu muka koyi abin da muke kira ra'ayi. Wani ya zo da jam'iyyar da ya gada wurin ubansa, wani da abin da ya ji a rediyo da safe, wani kuma haushi kawai ya kawo. A nan ake zubewa a yi ta musu.

Doka ɗaya ce a shagon: wanda ke kan kujera ba ya magana, saboda aska. Wayon Baba shi ne, in musu ya yi zafi ba ya bin layi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi zai kira, ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa masa kumfa, sannan ya dubi abokin musunsa ya ce, "To, faɗi naka, muna ji." Mutum yana huci, dole ya saurara har ƙarshe.

A gidanmu na ga amfanin wannan doka. Yayyena biyu, Tela da Direba, uwa ɗaya uba ɗaya, zaɓe ya raba su. Tela yana bayan masu mulki, Direba yana bayan 'yan adawa. Daga zolaya aka kai ga gori, daga gori aka daina gaisuwa. Inna tana kwance ba lafiya, amma in ɗaya ya hango takalmin ɗaya a ƙofar ɗakinta sai ya juya. Kullum maganarta, "Ni dai in gan su tare kafin in tafi." Na yi roƙo, kawunanmu sun yi faɗa, duk a banza.

Wata ranar Asabar Tela yana kan kujera, kumfa har kunne, sai ga Direba ya shigo. Ashe Baba ne ya ce masa ya zo a lokacin, wai babu layi. Yana ganin wansa ya juya.

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Ni ke tambaya, ba shi ba. Me mutanen nan suka yi maka ka tsane su haka?"

Direba ya daɗe a tsaye kafin ya zauna a bakin benci. Ya ce hanyar da yake bi kullum, gwamnati ta sha alkawarin gyara ta. A raminta motar amininsa ta kife, shi ya ciro gawar da hannunsa. "Duk ranar da na ga hotonsu, shi nake gani," in ji shi.

Tela ya motsa zai yi magana. Baba ya ce, "Ka motsa, ba ruwana."

Da aka gama, ya sa su sauya wuri. Tela ya ce shi ba son kowa yake ba. Cikin matarsa na fari a hanyar asibiti mai nisa ya zube. Waɗannan da ake zagi su suka buɗe asibitin unguwa, a nan aka haifi 'yarsa. "Ka ce in juya musu baya, da wane ido zan kalli yarinyar?"

Duk mun san labarin nan biyu, mun je gaisuwa, mun je suna. Amma babu wanda ya taɓa haɗa su da ƙuri'a, har su kansu. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa an saye shi ne, ko kuwa taurin kai ne kawai.

Kada ku zaci an rungumi juna. Direba yana kakkaɓe riga ya ce, "Har gobe ƙuri'arka asara ce, Yaya." Tela ya ce, "Taka ma." Amma ƙofa ɗaya suka fita, hanya ɗaya suka bi, sai ɗakin Inna.

Baba, kai ne ba ka taɓa gaya wa kowa wanda zai zaɓa ba, kuma ka sha zagi a kan haka. Waɗannan su ce kai ɗan leƙen asirin waɗancan ne, waɗancan su ce munafuki. Wasu sun ɗauke kawunansu sun kai wani shago, ba ka bi su da ban haƙuri ba. A 'yan shekarun nan na sha ganin ka kana aski shiru, benci cike, kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana zagin wanda bai taɓa gani ba. Ka ce mini, "Yanzu ko na zaunar da mutum, babu mai yi masa magana." Na ji gajiya a muryarka ranar, ni ma ita ce a jikina.

Wani zaɓen yana tafe, an fara liƙa hotuna. Ba na roƙon kowa ya bar jam'iyyarsa. Abin da nake roƙo ƙarami ne: kafin ka yanke gaisuwa da ɗan'uwanka, ka tambaye shi abin da ya same shi har ya tsaya inda ya tsaya, kuma ka bari ya kai ƙarshe.

Inna ta cika 'yan makonni bayan Asabar ɗin nan da yayyena suka haɗu a shago, Tela yana riƙe da kanta, Direba yana shafa mata ƙafa. Kafin nan ta ce a je a gaya wa mai askin nan ta gode, Allah ya ba shi masu jin ƙansa. Da na kai maka saƙon ka ce ai aski kawai ka yi. To, Baba, yau na sake kawo shi a gaban jama'a, don kada ka ƙara musawa: Inna ta ce ta gode.