Ɗigon da Ya Kauce a Kumatun Asta

Kullum da hantsi Baba Sagiru wanzami yakan shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar bakin tashar Gwarzo, ya buɗe zabira, ya wasa aska. Aski yake yi yanzu, sai ƙaho jefi-jefi. Jarfa kam, zanen kwalliyar nan da ake tsagawa a fata a shafe da baƙin tukunya, ta tafi da zamaninta. Malamai sun yi wa'azi, 'yan mata sun koma lalle, shi ma ya ajiye ta tun tuni. Idonsa ne dai ya ƙi ajiyewa. In tsohuwa ta gitta, sai ya bi kumatunta da kallo yana murmushi shi kaɗai, yana tuna hannun wanda ya yi zanen da rugar da aka yi shi.

Bara, direbobi suka tsinci wata tsohuwa zaune a kan benci. Ba ta san sunanta ba, ba ta san garinsu ba. Tambayarta ɗaya: ko shanu sun sha ruwa? Aka watsa hotonta a waya, shiru. Da la'asar aka yanke shawarar a kai ta Kano wurin hukuma, inda babu wanda zai gane ta.

Baba Sagiru ya matso. "Sannu, baiwar Allah. Ɗan juyo in gani."

A kumatun hagu akwai ɗige-ɗige jeri uku, tsaf kamar shuka, amma na ƙarshe ya kauce ƙasa. Sai ga dattijo ya zauna daɓas.

Shekara hamsin da 'yan kai ke nan, gab da sallah, ya bi mahaifinsa wata ruga kusa da Kara, 'yan mata sun yi layi a inuwa. Ranar aka fara miƙa masa askar jarfa. Maraƙi ya lashi ƙafar yarinyar da ke gabansa, ta fashe da dariya, hannunsa ya goce. Kunyar nan ta hana shi sake bin hanyar Kara.

"Asta ce, 'yar rugar Bappa," in ji shi. "Ni na ɓata mata fuska."

Ya naɗe buzu, ya bar masu jiran aski, ya shiga mota da ita. A Kara aka nuna musu gidan 'yarta Zulaihat, wadda ta kwana uku tana cigiya a wajajen Kabo. Ta fito ko takalmi babu, tana kuka.

Tsohuwar ta shafa kumatunta, ta dubi Baba Sagiru daga can nesa inda hankalinta yake kiwo. "Ɗan wanzami, har yanzu hannunka na rawa?"

"Yana rawa, Asta."

Baba Sagiru, kai ne mai karanta fuskokin da jikoki ke wucewa ba su duba ba. Kai ne ka tona asirin kanka a tsakiyar tasha don uwar wani ta koma ɗakinta. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma mu zauna gaban tsofaffinmu mu tambayi labarin zanensu tun suna iya faɗa.

Ka daina jin kunyar ɗigon nan, Baba. Shi ya kai ta gida.