Litinin ko Talata

Ni dai na yi yawo. Na sayar da agogo a Jidda, na ɗauki siminti a Tarabulus, har shekara biyu na yi a wani garin bakin teku a Norway ina feɗe kifi, hannuwana kamar na aro don sanyi. Mutanen can ba su da mugunta, gaisuwa ce kawai Allah bai ba su ba. Maƙwabcina sai mu haɗu a matakala ya kafa wa takalminsa ido kamar yau ya saya. Amma ranar sha bakwai ga watan Mayu, ranar tunawa da tsarin mulkinsu, sai ka rantse an sauya mutanen. Kowa ya ci ado da kayan yankinsu, 'yan makaranta su yi jerin gwano da tutoci, ba soja ba bindiga, a sha askirim har a gaji. Ranar maƙwabcin nan ya kama hannuna ya yi min barka. Washegari ya koma wa takalminsa. Tun daga nan nake kiranta Sallarsu.

Yawo ya ajiye ni a wata ƙasar kuma, a garin Greensboro, ina aikin kai kujeru da gadaje gidajen mutane daga wani sito a titin Wendover. Iyalina na Katsina. Mutanenmu akwai su a garin, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, amma ranar Idi ana sallamewa sai ka ga kowa na laluben makullin mota, wannan zai koma aiki, wancan daga aikin ya fito. Yawon barka da Sallah gida-gida, wanda ni a wurina shi ne Sallar, na yi shekara huɗu ban yi ba.

Wata rana na kai kujera wani gida a Sedgefield, unguwar da ke kewaye da filin golf. Mai gidan dattijo ne dogo, shi kaɗai, matarsa ta rasu. A kan kantar kicin ɗinsa na hango 'yar tuta ja mai ratsin shuɗi da fari, irin ta Norway. Na yi masa ɗan yarensu da ya rage min a baki. Ya dube ni, ya ce lafazina na masunta ne. Ya sa hannu a takarda, ya rufe ƙofa. Ɗan Norway sak.

Da ranar sha bakwai ga Mayu ta zagayo sai na ɗauki hutu, na fito da babbar rigata ta shadda daga ƙasan akwati, tunda ƙa'idar ranar kowa ya sa na gidansu. Ban yi masa waya ba. Wa ke neman izinin zuwa barka da Sallah?

Ya buɗe ƙofa sanye da baƙar kwat, da ɗan kirtani mai launin tutar a ƙirji. A bayansa teburi ne an shimfiɗa farin ƙyalle, da ƙwai, da kyafaffen kifi, da faranti ɗaya.

"Ba ni da odar kujera yau," in ji shi.

"Baba, ba kujera na kawo ba. Barka da Sallarku."

Ya kalli rigata tun daga wuya har ƙasa. Sannan ya juya ya ɗauko faranti na biyu.

Bayan mun ci na ce ina jerin gwanon? Ya ce a nan babu. Na ce ga ni ga kai, mutum biyu ai jeri ne, in ɗaya ya bi bayan ɗaya. Haka muka fito, kowa da tutarsa, muka bi gefen titi don unguwar ba a yi ta don masu ƙafa ba. Motoci na rage gudu suna leƙenmu. Wani mai buga golf ya tambaya ko mun ɓata ne. Dattijon ya ɗaga tuta ya yi ihun murnarsu, "hurra", amma a hankali, kamar mai gudun tashin jariri.

"Baba, a ƙasarku na ji ana yin ta da ƙarfi."

"A ƙasarmu ba a cikin filin mutane nake ba."

Muka dawo muka sha askirim kofi uku-uku. Ya gasa tsiran nan nasu na alade ya miƙo min, ya tuna, ya mayar, kunnuwansa suka yi ja. Na ce kar ya damu, ladan niyya ya samu.

Da zan tafi na ce masa a wurinmu zumunci a ƙafa yake. Na zo tasa, saura ya zo tawa. Nan take ya ɗauko ɗan littafin da yake rubuta ranaku, ya cire murfin biro.

"Wace rana?"

"Cikin Oktoba. Ko Litinin ko Talata."

"Wacce a ciki?"

"Sai an ga wata."

"Wa zai gani?"

"Duk wanda Allah ya nuna wa."

Biron ya tsaya a sama. Ya ce shekara arba'in ya yi yana injiniya bai taɓa jin an gayyaci mutum haka ba. Na ce to yau ya ji. Ya rubuta wani abu da ban gani ba, ya karɓi adireshina na East Greensboro.

Tsakanin nan sau ɗaya muka haɗu, a kanti. Ya gyaɗa min kai, ya tura kekensa ya wuce. Ban ji haushi ba, na san irinsu.

Azumi ya zo. Masallacinmu ya sanar ba a ga wata ba, za a cika talatin, Sallah sai Talata. Lambar wayarsa na nan a tsohuwar takardar aiki, na ma ɗauko ta na duba. Amma in kira mutum in ce kar ka manta ka zo gaishe ni? Bakina ya ƙi. Na ce ai dattijo ne mai lissafi, zai bincika.

Ranar Litinin na tafi aiki da azumina. Da na dawo da la'asar sai na ga 'yar tutar nan a soke a hannun ƙofata. Maƙwabciyata, wata tsohuwa mai yawan zama a baranda, ta kwaɗa min kira.

"Kai, ka yi baƙo! Wani farin tsoho da kwat. Ƙarfe goma daidai ya ƙwanƙwasa. Ya tsaya ƙiƙam minti goma sha biyar yana duba agogo. Na ce ya zo ya zauna, ya ce a'a, ya gode."

"Bai bar saƙo ba?"

"Ya ce in faɗa maka ya zo."

Talata na dawo daga Idi ban tsaya hira ba. Na dafa shinkafa da miyar kaza, na sayo askirim babbar roba, na ajiye faranti biyu. Na ce wanda ya rubuta Litinin ai ya rubuta Talata a ƙarƙashinta. Na zauna da babbar rigata kusa da taga. Duk motar da ta rage gudu sai na miƙe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Na kira gida Katsina, ina jin hayaniyar baƙi a bayan muryar maiɗakina, tana cewa in yi magana da ƙarfi ba ta ji na.

Shi a wurinsa ya cika alkawari. An ce ya zo, ya zo. Ni kuma na riƙe girmana na ƙi ɗaga waya, ga shi girman ya zauna tare da ni yana kallon shinkafa.

Da rana ta yi sanyi na ci nawa, na mayar da ɗaya farantin. Tutar na soke ta a kofi a bakin taga. Sannan na ciro kalandar sito daga bango na ƙirga zuwa sha bakwai ga Mayu. Saura wata bakwai ba kaɗan.