Kunyar ɗan fari da abin da ta yi wa Habibu

Shekara bakwai ke nan a wannan damina da aka binne Habibu, ɗan yayana Alhassan, kuma har yau idan na tuna shi haushi ne ke riga hawaye zuwa. Mutuwa da wa'adinta take zuwa, ban ja da wannan ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda aka yi da yaron nan tun yana da ransa.

Habibu ɗan fari ne, a ƙauyenmu da ke gefen Makoɗa. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ma haka. "Kai" ne, ko "yaron nan". Ba a zama hira da shi, ba a yaba masa a kan idonsa, kada a ce ba ka da kunya. Ni gwaggonsa ce, babu wannan a tsakaninmu, don haka duk sanda na zo daga Minjibir inda nake aure, ni yake juye wa cikinsa.

Yaro ne mai kai. A ƙaramar sakandare shi ke zuwa na ɗaya. Ranar da makaranta ta ba shi kyautar jaka ina gidan. Ya shigo da gudu, ya tarar da ubansa yana gyaran fartanya a gindin rumbu, ya durƙusa ya miƙa masa. Yaya ko ɗago kai bai yi ba. Cewa ya yi, "To. Awakin nan fa ba su ci komai ba." Yaron ya ajiye jakar, ya ɗauki lauje ya fita.

Abin takaicin, da la'asar ɗin ranar Yaya ya cika majalisa da labarin, har abokansa suka fara yi masa tsiya. Duk garin ya ji alfaharin uban, ban da wanda aka yi dominsa. Na gaya wa Habibu, ya ce, "Gwaggo, lallashina kawai kike yi. In da gaske ne, me ya hana shi gaya mini?" Na koma wa Yaya da maganar. Ya ce in rabu da shi, mu ma haka aka rene mu, ga mu nan ba mu lalace ba.

Daga nan karatu ya fara zamewa. Malamai suka ce samartaka ce ta hau masa kai, suka sa bulala. A gida aka ce abokai ne. Wata ma cewa ta yi a nemo masa rubutu ya sha. Ba a sami wanda ya zaunar da shi ya ce me ke damunka ba. Ɗan shekara sha biyar ba tuwo kaɗai yake buƙata ba, yana so ya san ƙoƙarinsa yana da mai gani. Shi da bakinsa ya ce mini, "Da na ɗaya da na ƙarshe, a gidanmu duk ɗaya ne."

Da ya faɗi jarrabawa, Yaya ya cire shi ya haɗa shi da 'yan dako a kasuwar Dawanau. A can zazzaɓi ya kama shi, ya yi shiru da abinsa, don bai saba a tambaye shi ba, bai kuma saba ya faɗa ba. Kafin a kawo shi gida ciwon ya ci jikinsa.

A zaman makoki na fara jin sunan Habibu a bakin ubansa. Yana ta zayyana wa 'yan gaisuwa irin basirar yaron, yana kuka. Wallahi tashi na yi na bar wurin, don zuciyata ba za ta iya ɗauka ba.

Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce da ya ga yau. An yi wa makarantarsu fenti, an zagaye ta da katanga. Iyaye na ta kukan yara ba sa karatu, laifin waya ne, laifin malamai ne, laifin gwamnati ne. Duk akwai, ban musa ba. Amma ban taɓa jin uba ya ce ko laifin shirunsa ne ba.

Bara na je gida, na tarar Safiya, 'yar farin ƙaninmu, ta zo ta ɗaya a ajinsu. A gida ɗaya suke da Yaya. Na ce wa uwarta Rabi, wadda da hannunta ta yi girkin makokin Habibu, ta kira yarinyar ta ce mata, "Kin yi ƙoƙari." Magana ɗaya tak. Rabi ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Haba Gwaggo, 'yar fari ce fa. Me mutane za su ce?" Safiya tana bakin ƙofa tana ji.

Na so in rubuta cewa Habibu ya bar mana darasi, amma ƙarya zan yi. Kabari ya bari, da uban da ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba. Darasin kuwa ko zauren gidansu bai shiga ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Wannan zangon karatun, an ce mini Safiya ta sha huɗu ta zo.