Bargon Malam a Bakin Teku

Ni ban yi boko ba, a allo ma iyakata surorin da nake salla da su. 'Yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata in ta ga ina share ido kada ta dakata, kuka ba ya hana ni magana.

Shekara arba'in da huɗu muka yi da maigidana Malam a gidanmu na Azare kafin Allah ya karɓi abinsa. Ya bar riguna da huluna da littattafai, duk an raba, ban hana ba. Abu ɗaya na roƙa a bar mini, wani jan bargo mai ratsin baƙi da yake lulluɓa da shi bayan sallar asuba in sanyi ya shigo. Ƙanshin Malam na jikin bargon, turarensa da hayaƙin icen da yake jin ɗumi. Har na fita takaba ban bari ruwa ya taɓa bargon nan ba. Da shi nake kwana, da shi nake wuni, abinci kuwa sai an yi da gaske nake kai loma uku.

Lokacin mahaifiyata tana da rai, muna kiranta Inna. Ta haura tamanin amma da ƙafarta take zuwa ko'ina, da 'yar sandarta. Bafulatana ce ta wajen Itas, a bakin kogi ta tashi, ni kuma ni ce 'yar farinta. Wanda ya san alkunyar Fulani ya san abin da nake nufi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "wannan". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta lallashina. Ranar da ta zo ta'aziyya ma ta zauna nesa da ni tana jan carbi, kamar maƙwabciya.

Da sanyi ya kankama sai ga ta da ƙunshin kayanta. Ta ce autanta, wato ƙanena da ke sayar da albasa a Badagiri can bayan Legas, ya daɗe yana aiko mata ta je ta ga iyalinsa, ita kuma ba ta da 'yar rakiya. Na ce ga jikoki nan rututu. Ta ce jikoki wayarsu suke kallo, za a iya sace ta a tasha ba su sani ba. Na ce ba ni da ƙarfin tafiya. Ta ce mota ce za ta yi tafiyar, ni zama kawai zan yi, zaman kuma ta ga na iya shi. Sai daga baya ƙanena ya gaya mini ita ce ta sa aka kira shi, ta ce ya shirya mana kwana huɗu.

Shirin da muka yi abin dariya ne. A Azare lokacin ruwan randa ba ya taɓuwa da safe, mu kuma muka ɗauka duniya duk haka take. Inna ta ce tunda garin a bakin ruwa yake, sanyinsa zai ninka namu. Muka ɗauki rigunan sanyi, da safar ƙafa, da man shanu na shafawa, har da ɗan kaskon jin ɗumi ta naɗe a zani. Ni kuma bargon Malam na kafaɗata. Muna wuce Lakwaja muka fara tuɓewa. Kafin mu isa, Inna tana fifita da murfin kwanon dambu tana cewa an cuce ta. Da matar ƙanena ta kwance kaya ta ga kasko, dariya ta yi har da zama a ƙasa, ta ce, "Inna, wa za ki gasa?"

Rana ta biyu da hantsi ƙanena ya kai mu bakin teku. Ya zaunar da mu ƙarƙashin itatuwan kwakwa kusa da rumfar wata mai gasa kifi, ya ce motar albasarsa ta iso, zai je a sauke ya dawo kafin la'asar.

Ban san yadda zan kwatanta ruwan nan ba. Ba shi da tsallake. Inna ta tsaya ta dogara sanda tana neman ɗaya gaɓar, da ba ta gani ba ta ce Allah mai iko. Can ta matsa ta kamfata a tafin hannu ta kurɓa, ta tofar, ta ce wannan ɓarnar gishiri da me ta yi kama, ga mutane can suna saye da awo. Ta durƙusa ta tona yashi da hannu, yadda suke yi a kogin garinsu da rani su sami ruwa mai daɗi. Ruwan ya tsattsafo, ta ɗanɗana, shi ma gishiri. Ta ce garin nan ko daddawa kaɗai ka zo da ita ka gama miya.

Muna nan sai ta lura ruwan yana ja da baya. Ta kafa wani kara a inda ya tsaya, bayan ɗan lokaci ya bar karan da taku goma. Ya bar yashi sumul, mai sanyi, kamar an yi daɓe. Ta ce ashe shi ma ya san rani. Ta fara lissafin inda za ta sa albasa da inda za ta sa dankali in da a gida ne, tana mamakin lalacin mutanen garin da suka bar fadama haka ba shuka. Ta ce in shimfiɗa bargo mu zauna a nan, iskar ta fi daɗi. Na ƙanƙame shi. Ta ce ai yashi ba ruwa ba ne. Na shimfiɗa.

Mun daɗe a zaune, ƙafafunmu a miƙe. Masunta suna jan taru suna waƙa da yarensu, kaguwoyi ƙanana suna gudu a karkace, Inna tana cewa ko su wa suka yi wa laifi suke tafiya haka. Da azahar ta yi muka tashi mu koma inuwa. Na sunkuya zan naɗe bargon, ta ce in bar shi ya tsare mana wuri, ta danne gefunan da takalmanmu. Mai kifin nan ta taso tana nuna bargon, tana nuna ruwa, tana ta magana. Ba ma jin yarenta. Inna ta ɗauka saye take so, ta girgiza mata kai ta ce ba na sayarwa ba ne, na gado ne. Ni ma na ɗan ji tsoro na ce ko ruwan zai dawo.

"Ke, a bakin kogi aka yanke mini cibiya," in ji Inna. "Ruwan da ya janye ya janye ke nan, sai baɗi."

Muka yi salla, muka sayi kifi. Ranar na cinye kifi guda ni kaɗai, da yaji da albasa, na sha ruwan kwakwa. Inna tana satar kallona tana yi kamar ƙaya take cirewa. Iska ta kwashe mu muka yi gyangyaɗi a jingine da itace.

Ihun mai kifi ne ya tashe ni. Wurin da muka zauna babu shi, ruwa ya cinye har karan Inna. Can na hango ja yana lilo a kan igiyar ruwa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da gwiwa ke hana ni ruku'u, sai ga ni a guje. Ruwa ya kai mini idon sahu, ya kai gwiwa, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata, ni dai ja kawai nake gani. Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar Inna, har sau biyu. Na tsaya cak. Na fi shekara sittin a duniya ban taɓa jin sa a bakin nan ba. Na juyo, ga ta a cikin ruwa ita ma, zani a tattare, ta miƙo mini kan sandarta. Na kama. Igiya ta zo ta buge mu, muka zube zaune mu biyu, ɗankwalinta ya yi nasa wuri.

Ta tofar da ruwa, ta dubi teku ta ce, "Kai dai ba ka da mutunci. Ka tafi ka yi sallama, sannan ka dawo?"

Dariya ta ƙwace mini. Tun rasuwar Malam ban yi ba, sai ta zo da kuka a haɗe, na rasa wanne nake yi. Mai kifi da wasu mata biyu suka tsamo mu suna dariya su ma. Wani masunci ya shiga da iyo ya ɗauko bargon, takalmanmu dai uku aka samu. Da na matse shi na kai hanci, babu turare babu hayaƙi, sai gishiri da ƙarnin kifi. Na ce Inna, ya tafi. Ta ce ta sani, nata mijin ma ya tafi shekara talatin, ga ta nan tana cin kifi. Ta karɓi gefe ɗaya muka matse tare, muka shanya a kan igiyar mai kifi.

Da ƙanena ya dawo ya ji labari ya riƙe baki, ya ce ya manta bai gaya mana ruwan nan sau biyu yake tafiya ya dawo kowace rana ba. Inna ta ce to ba rani ba ne, yawo ne. A hanya na matsa kusa da ita na ce, "Inna, ɗazu na ji kin kira wani suna."

"Ƙarar ruwa kika ji," ta ce, ta juya tana kallon taga.

Sauran kwana biyun kullum sai mun koma, amma can nesa muke zama, Inna tana gadin ruwan da ido kamar mai gadin akuya. Ta cika wata gora da shi ta ce za ta kai wa ƙawayenta na Itas, don in ta faɗa da baki za su ce tsufa ne.

A hanyar dawowa, muna wuce Kaduna sanyinmu ya tare mu. Na ga tana takure, na ciro bargon na lulluɓa mata. Tun daga nan ba ta mayar mini ba. Sanyi biyu ta yi da shi kafin ita ma ta tafi, Allah ya jiƙansu duka. Yanzu ya dawo hannuna, man shanunta yake ƙanshi. 'Yata ta ce in kawo ta wanke, na ce ta bari tukuna.