Tukunyar Mma Azumi da Tanko Bai Mayar Ba

Jikata na hannuna yau da safe waya ta yi ƙara. Alhaji Muntari ne, shugaban tafiyarmu ta babura. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Firifet, Tanko ya riga mu."

Na miƙa wa uwarta ita, na zauna a bakin ƙofa.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Malam Idrisu, wanda duk unguwar Maamobi ta sani da Tanko Mai Faci, ya rasu. Ga masu tambayata ta waya, ba hatsari ba ne. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa matarsa zai ɗan kishingiɗa kafin ta kawo koko. Shi ke nan. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar.

Kun ga hotunan da na yi ta sakawa kwanakin nan, kun san ban taɓa farin ciki irin na wannan mako ba. Har yanzu farin cikin yana nan bai tafi ba. Sun zauna ne su biyu a ƙirjina, shi da wannan rashi, kuma ban san yadda ake raba su ba.

A makarantar yamma muka haɗu, mu biyu duk da furfura a gemu. Ni na rufe shagon ɗinki a Nima in tafi, shi kuma ya zo da baƙin taya a hannu, duk takardar da ya taɓa sai ta ɗauki hoton yatsansa. Malamar ta naɗa ni shugaban aji saboda na fi kowa shekaru. Tun ranar bai sake kirana da sunana ba. Firifet. Har 'ya'yana sun ɗauka.

Shi ya saka ni cikin masu yawon Asabar. Ni ban iya tuƙi ba, idona ma ba zai bari ba. Ya ce, "Kai dai ka iya zama? To zama kawai nake so."

Mukan haɗu a Kanda da sassafe, mu bi ta Madina da Adenta, mu wuce Dodowa, mu sauka daga kwalta mu shiga wata 'yar hanya tsakanin gonakin mangwaro. A ƙarshenta akwai gidan Mma Azumi, tsohuwa 'yar arewa da aure ya kawo ta gindin duwatsun nan tun tana budurwa. Tuwon masara take yi da miyar ayoyo, da farfesun zabo, a kan murhun duwatsu uku. Ba ta da allo, ba ta da kujera. Tabarma ce a ƙarƙashin bishiya da ƙwaryar wanke hannu.

A tafiyar nan Tanko ne na ƙarshe kullum. Ba don babur ɗinsa ya tsufa ba, ko da yake ya tsufa. Shi ke ɗauke da famfo da kayan faci, don haka duk wanda tayarsa ta sace, ya san in ya tsaya a gefen hanya Tanko na tafe. Alhaji Muntari ya sa masa Kunkuru. In mun iso an riga an wanke hannu, sai ya ce, "Kunkuru, mun ɗauka sai sallar layya." Tanko ya cire hular kwano a hankali, ya ce, "Alhaji, kai ka ga kwalta. Mu mun ga gari."

Gaskiya ya faɗa. A bayansa na san akwai wurin da iska ke sauya ƙamshi, daga hayaƙin trotro, motocin hayar nan, zuwa ciyawar da aka yanka. Yakan rage gudu a wurin, ko ba komai a gabanmu.

To, ga abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce.

'Yata Ramatu ta haihu bayan shekaru tana jira. Sai da aka yi mata aiki. An sallamo ta daga asibiti, amma ta kasa cin komai. Uwarta ta dafa, gwaggonninta sun dafa, maƙwabta sun aiko. Ta kai cokali baki, ta ajiye. Nono bai zo ba. Jaririyar ta kama, ta saki, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Nas ta ce mana in uwar ba ta ci ba, abin zai yi wuya. Ni kuwa ina zaune a waje ina jin kukan, ga mutane na zuwa barka ina yi musu murmushi.

Na shiga na ce, "Ramatu, me ranki yake so? Ko mene ne."

Ta ce, "Baba, duk abincin warin gas yake yi mini. Ina son romo mai ƙamshin itace, irin na Kaka."

Kakarta, mahaifiyata, ta daɗe da rasuwa.

Da Tanko ya zo ɗaukata ranar Asabar na ce masa ba zan je ba. Na faɗa masa dalili. Ya ce, "Hau. Yau ba cin abinci za mu je ba, ɗauko shi za mu je."

Na ce, "Ka manta Mma?"

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan ya san dokarta. Abincinta a inda aka dafa shi ake ci. Ba ta zuba wa kowa a leda ko a roba, ta ce romon da ya bar tukunyar ƙasa ya shiga roba ya mutu. Tukunyar kuwa da ita aka kawo ta gidan miji, ba ta taɓa ƙetare dangar gidan ba. Alhaji Muntari ya taɓa roƙonta don ya kai wa iyalinsa, ta ce masa, "Babur ɗinka ba shi da mazauni a baya? Ɗauko ta."

Mun isa. Kowa ya ci, ni na kasa. Tanko ya ci nasa tas, ya sha ruwa, ya je ya tsuguna kusa da murhu.

Ya ce, "Mma, mai jego ce. Haihuwar fari. Ta kasa ci, yarinya na kuka."

Mma ta ci gaba da gyara itace kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Ku kawo ta."

"An yi mata aiki, Mma. Ko zaure ba ta kaiwa."

"Tukunya ba ta hawa babur, Tanko."

"Nawa ba babur ba ne. Tambayi Alhaji, kunkuru ne."

Ta ɗago ta kalle shi. Ba ta yi dariya ba, amma ta tashi ta shiga bayan ɗaki, sai muka ji kukan zabo.

Ba ta bari kowa ya taya ta ba. Ta daka citta da kimba da masoro, ta saka daddawa, ta bar shi yana dahuwa a hankali har rana ta karkata. Ni ina kwance a tabarma ina kallon hayaƙin yana ratsa ganyen mangwaro. Ban sani ba ko barci na yi. Na dai ga mahaifiyata a tsugune a wurin, da irin ɗaurin kallabinta, tana fifita wuta da faifai. Da na murza ido Mma ce.

Shi kuwa Tanko yana can yana aikinsa. Ya ɗauko tub ɗin taya, ya buga masa iska kaɗan, ba sosai ba, ya zama kamar gammo mai laushi. Ya yanka wani tsohon tub siri-siri. Mma ta rufe bakin tukunyar da ganyen ayaba, ta ɗora murfi, shi kuma ya ɗaure da robar, ƙulli bayan ƙulli. Ya naɗe ta da rigarsa ta sama. Ya ɗora gammon a cinyata, ya zaunar da tukunyar a ciki.

Mma ta riƙe kan babur ɗin ta ce, "Wanda ya ɗauka shi zai dawo da ita. Kuma ka san ba a mayar da tukunya fanko."

Ya ce, "Asabar mai zuwa, Mma. Da naman suna a ciki."

Ban taɓa tafiya irin ta ranar ba. Sauran sun wuce, ƙararsu ta ɓace. Ya rage mu biyu da tukunya a tsakani, ɗuminta a cikina, ɗuminta a bayansa. Duk rami sai ya kusa tsayawa, ya lallaɓa ya zagaye shi. Mai keke ya wuce mu. Wata mata da itace a ka ta jera da mu har ta tambaye mu lafiya. Duwatsun suna hannun dama, sun yi shuɗi, gajimare ya sauko ya kwanta a kansu. Ƙamshin kimba yana fitowa ta gefen ganyen kaɗan-kaɗan. Na ji kamar ba mu ke tafiya ba, hanyar ce ke wucewa ta ƙarƙashinmu.

Ya juyo da kai ya ce, "Firifet, ka gaya wa jikarka wannan shi ne toshina. Kai ka tsufa, ni za ta aura."

Na ce, "Da wannan baƙin hannun? Amaryata jikar tela ce, ta san tsabta."

"Za ta san wanda ya kawo romo."

Da muka kusa Adenta sai muka hango babura a jere a gefen hanya. Mutanenmu ne, sun tsaya suna jira. Alhaji Muntari ya ɗaga hannu ya ce, "Kunkuru, wuce gaba. Yau kai ne liman." Suka bi mu a baya, biyu suka tsare gefe don kada trotro ta matse mu. A haka muka ratsa Madina da cunkosonta. Duk shekarun nan, ranar ce kaɗai na ga Tanko a gaba. Kunya ta kama shi, yana ta gyara madubi.

A Nima ya kashe injin tun daga bakin titi, ya ce lungunmu duk kwata ne da tudu. Ya tura babur ɗin da ƙafa, ni ina zaune a kai rungume da tukunya kamar amaryar da ake kaiwa. Mata suna leƙowa suna dariya.

Da aka kwance ganyen, tururi ya tashi. Romon bai huce ba, ko ɗigo bai zube ba.

Ni da shi muna tsaye a waje. Muna saurare. Muka ji cokali ya taɓa kwano. Shiru. Ya sake taɓawa. Can sai muryar Ramatu, ƙasa-ƙasa, "Mama, ƙaro mini."

Tanko ya juya baya yana duba tayarsa da ba abin da ya same ta.

Ramatu ta ɗaga murya ta ce, "Baba Tanko, shigo ka ga jikarka mana."

Ya ce, "A'a, ba zan je wa amaryata da kayan aiki ba. Ranar suna zan zo da babbar riga, wadda tsohon nan zai ɗinka mini yana kishi."

Ya hau babur, sannan ya ce mini, "Firifet, tukunyar nan da ruwa kawai za a wanke ta, ban da sabulu. Ka ajiye gammon yadda yake. Asabar zan zo mu mayar."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Nono ya zo washegari. Yarinyar nan yanzu in ta kama ba ta saki, sai ta yi barci da baki a buɗe. Na kira shi in faɗa masa, yana kan aiki bai ɗauka ba, na bar masa saƙon murya da ƙarar tsotsonta. Yau matarsa ta ce mini ya yi ta kunna wa masu kawo faci su ji.

Bai ga jaririyar ba. Rigar tana kan keken ɗinkina, saura wuya.

Gobe suna. Na so a ɗaga, matar Tanko ta aiko cewa kada a ɗaga, shi ba zai so ba. Za a yi a natse, ba kiɗa. Za a yanka rago, za a ware cinya guda.

Tukunyar tana ƙarƙashin teburina. Ɗazu da na dawo daga maƙabarta na taɓa gammon, iskar da ya buga da hannunsa tana nan ba ta sace ba. Robar ma na ajiye. Mma ta ce wanda ya ɗauka shi zai mayar. To, mu biyu muka ɗauka, shi ya tuƙa ni na rungume. Alhaji Muntari ya ce shi zai ɗauke ni, ya kuma yi alkawarin mai keke zai wuce mu.

Ina roƙon 'yan tafiyarmu da duk wanda ya san Mma Azumi, kada kowa ya kira ta a waya. Ta ba shi abin da ba ta taɓa ba wani ba. Ku bari in ajiye mata tukunyarta da nama a ciki, in zauna a tabarma, in faɗa mata da bakina.

Ya Allah, bawanka Idrisu ya yi rayuwarsa yana tafe a baya don kada a bar kowa a hanya. Kada ka bar shi shi kaɗai. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa shi kamar inuwar mangwaron nan. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Ka raya yarinyar da ya ciyar bai gan ta ba.

Ku da kuka karanta, ku sa shi a addu'a, ko ba ku san shi ba. In kuma ranar Asabar kun ga babura a hanyar Dodowa suna tafiya a hankali, da wani tsoho a baya rungume da tukunya, kada ku danna mana hon. Ku karanta masa Fatiha, ku wuce mu.